Ƙyanƙyasar ƙwai a gida: abin da allon inji ba ya faɗa

Injin ƙyanƙyasa ya yi araha yanzu. Akwai na roba mai cin ƙwai 24 ko 56 da ake shigowa da shi daga Sin, akwai kuma haɗin gida, wanda ake yi da tsohon firji ko akwatin katako, a sa masa fanka da ƙwan lantarki da 'yar na'urar daidaita zafi. Kowanne da lambobi iri ɗaya yake zuwa: zafi digiri 37.5, danshi kashi 55 cikin 100, kwana 21. Lambobin daidai suke. Amma sai ka ga mutum ya bi su sau da ƙafa, ya zuba ƙwai hamsin, ya kwashi tsaki goma sha biyu, sauran baragurbi ko matattu a cikin ɓawo. Daga nan sai a ɗora wa inji laifi, ko mai sayar da ƙwai, wani ma ya ce baki ne ya kama shi.

Lambar da ke kan allo labarin iskar da ke kusa da 'yar wayar awo, wato wadda ke jin zafi a cikin inji, kawai take bayarwa. Wanda ya rubuta takardar injin kuma ba ya zaune a garin da danshin iska ke sauka ƙasa da kashi 20 a Janairu, ya haura 80 a Agusta, zafin ɗaki kuma ya wuce na injin kansa a Afrilu. Ƙwan ne ke faɗin gaskiyar halin da yake ciki, ta nauyinsa, da girman gurbin iskar da ke gindinsa, wato gefensa mai faɗi, da ranar da ya fashe, da abin da aka tarar a cikin wanda ya ƙi fashewa. A Masar har yau akwai gidajen ƙyanƙyasa na tubali da aka gada tun shekaru fiye da dubu biyu, inda ma'aikaci kan ɗora ƙwai a fatar idonsa ya san ko zafi ya yi daidai. Ba a ce kowa ya koyi wannan ba, amma hankalinsu a kan ƙwai yake, kuma nan ya kamata na mai inji ya kasance.

Asara mai yawa ana yin ta ne kafin a kunna inji. Ƙwan kiret na kasuwa daga kajin keji yake fitowa, babu zakara a cikinsu, ko wata uku ya yi a inji babu abin da zai fito. Ana son zakara ɗaya mai kuzari ga kaji takwas zuwa goma, a kuma bar su kamar mako guda tare kafin a fara tara ƙwai. Zakaran da ya tsufa ko ya yi ƙiba da yawa ba ya taka kaji yadda ya kamata, zafin bazara ma yana rage masa ƙarfin iri. Kazar da dusa zalla take ci tana iya yin ƙwai, sai dai ɗan tayin da ke ciki ba shi da guzuri sai abin da uwar ta zuba a gwaiduwa, don haka yakan kai rabin hanya ya mutu. A ba iyaye haɗin abincin kaji masu ƙwai, da ganye, da garin ƙashi ko na ɓawon ƙwai don ƙarfin ɓawo. A riƙa canja zakara daga wani gida duk shekara, saboda idan uba na taka 'ya'yansa shekara da shekaru, ƙyanƙyasa na raguwa, nakasassu na yawa. Masu son ƙyanƙyashe ƙwan Noiler su sani kazar haɗin iri ce, 'ya'yanta ba lallai su fito da girma da yawan ƙwan iyayensu ba.

A zaɓi ƙwai matsakaici mai siffar da aka saba. Mai gwaiduwa biyu, da ɗan mitsitsi, da mai ɓawo sakayau ko mai kaushi, da mai tsaguwa ko da siririya ce wadda sai da tocila ake gani, duk na soyawa ne. Zancen cewa dogon ƙwai zakara ne, mai zagaye kuma kaza, ba shi da tushe. Rabi da rabi za a samu ko yaya aka zaɓa. Kada a wanke ƙwan ƙyanƙyasa. Ɓawo yana da dubban ƙananan kafofi da ɗan tayi ke shaƙar iska ta cikinsu, kaza kuma tana shafe su da wani siririn rufi lokacin da take saka ƙwan. Ruwa na wanke wannan rufi, in mai sanyi ne ma sai ya ja ƙwayoyin cuta zuwa ciki. Ɗan kashin da ya bushe a kankare shi da busasshen tsumma, wanda ya ɓaci sosai a cire shi daga lissafi.

Ajiya ita ce matsalar da ta fi damun mu a ƙasar zafi. Da zarar zafi ya kai wajen digiri 25, ɗan tayi yana fara motsin girma a hankali, ba da ƙarfin da zai ɗore ba. Ƙwan da ya kwana biyar a ɗaki mai rufin kwano a watan Afrilu ya riga ya fara tafiya ya gaji kafin ya ga inji. Abin da ake so shi ne digiri 13 zuwa 18. Firji kuma yana wajen digiri 4, ya yi sanyi da yawa. Abin da ya rage wa mafi yawan gidaje shi ne gindin randa ko ƙasan ɗakin da ya fi sanyi, a jera ƙwan a kiret tsininsa na kallon ƙasa, a kwashe shi daga akurki sau biyu ko uku a yini, a rubuta kwanan wata a jikinsa da fensir. A hunturu yana iya jiran kwana bakwai. A bazara kwana uku ko huɗu ya isa. Wanda aka ɗauko daga nesa a mota ko babur a bar shi ya huta awa 12 zuwa 24 kafin a zuba, don gurbin iskarsa ya koma mazauninsa.

Shi ma injin sai an gwada shi. A kunna shi babu ƙwai na tsawon awa 24. A sa 'yar kwalbar ruwa a ciki ta yi awa uku ko huɗu, sannan a auna ruwan da ma'aunin zafin jiki irin na kemis, wanda dama don zafi tsakanin digiri 35 da 42 aka ƙera shi. In allo ya ce 37.5 amma ruwa ya ce 38.4, ruwan za a bi. A maimaita a kusurwa huɗu da tsakiya. In bambancin ya wuce rabin digiri, fanka ba ta raba iska daidai, sai a gyara ta ko a riƙa sauya wa ƙwai wuri duk kwana biyu. 'Yar wayar awo ta tsaya daidai saman ƙwai, kada ta taɓa shi, kada kuma ta kusanci ƙwan lantarki. Injin da ba shi da fanka zafinsa hawa-hawa ne, sama ya fi ƙasa, shi ana son 38.5 a saman ƙwai. Ma'aunin danshi ma yana ƙarya, ya ma fi na zafi yi. A cika murfin kwalba da gishiri, a ɗiga masa ruwa ya jiƙa ba tare da ya narke ba, a rufe shi da ma'aunin a leda ta kwana. Ya kamata ya nuna 75. In ya nuna 65, an san kullum sai an ƙara masa goma.

Abin da mutane da yawa ba sa lura da shi: inji dumamawa kawai yake yi, ba ya sanyayawa. In ɗaki ya kai digiri 40 da la'asar, na'ura za ta kashe wuta, amma ƙwai zai ci gaba da hawa, ballantana bayan kwana 12, lokacin da kowane ɗan tayi ya fara fitar da zafin jikinsa. Digiri 40.5 zuwa sama na 'yan awoyi ya isa ya halaka zubi guda. A Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram, daga Maris zuwa Mayu, mazaunin inji ya fi injin muhimmanci: ɗakin ƙasa ko mai silin, nesa da taga da bangon yamma, a buɗe kafofin iskar injin gaba ɗaya, a rataya jiƙaƙƙen buhu a ɗakin, a kuma sa ido daga azahar zuwa la'asar sakaliya. Wanda ba shi da irin wannan ɗaki, ya fi masa ya huta a waɗannan watanni.

Ɗauke wuta, duk da shi aka fi tsoro, bai kai zafi ɓarna ba. Ita kanta kaza tana tashi daga kan ƙwai kullum ta ci ta sha ta dawo. Awa uku ko huɗu babu wuta yawanci jinkirta ƙyanƙyasa kawai yake yi. Wanda ke kashewa shi ne na rabin yini ko kwana, yau da gobe. In an ɗauke, kada a buɗe murfi, a lulluɓe da bargo a bar kafar iska, musamman a makon ƙarshe da buƙatar iska ta fi yawa. Robobin ruwa biyu ko uku da aka rufe aka ajiye a ciki tun farko suna riƙe ɗumi. Kyandir ko garwashi a cikin inji guba ne, suna cinye iskar da tsako ke shaƙa. Mai niyyar yin abin da gaske ya nemi inji mai aiki da batir. Lissafin ba wuya: batir mai bolt 12 da amfiya 100, in rabin cajinsa kawai za a ci don kada ya lalace, zai riƙe injin da ke jan wat 40 na kimanin awa 15.

Sai danshi, inda lambar takarda ta fi yaudara. Ƙwai dole ya rasa ruwa. Daga ranar zubi zuwa kwana 18 ana son ya sauke kashi 11 zuwa 13 cikin 100 na nauyinsa. Ruwan da ya fita shi ke buɗe gurbin iska a gindin ƙwai, kuma cikin wannan gurbi tsako zai fara cusa bakinsa ya ja numfashin farko kafin ya huda ɓawo. In danshi ya yi yawa, gurbin bai girma ba, tsako ya kumbura, ya kasa juyawa, ya huda tantani ya tarar da ruwa. In ya yi kaɗan, ƙwan ya bushe, tsako ya fito ƙarami ko ya manne. Kashi 50 zuwa 55 ƙiyasi ne na abin da yawanci ke kai ƙwai ga wannan ragi, amma ɓawo ya bambanta, lokaci ma ya bambanta.

Hanyar da ba ta ƙarya ita ce sikelin kicin. A ware ƙwai goma a yi musu alama a auna su tare. A ce sun yi giram 450. A kwana 9 ya kamata su kai wajen 423, a kwana 18 kuma tsakanin 392 da 400. In a kwana 9 suna nan 438, ba sa bushewa, a rage ruwa. In sun faɗo 410, a ƙara. Wanda ba shi da sikeli ya zana iyakar gurbin iska da fensir duk lokacin da ya haska. Ya kamata ya riƙa faɗaɗa har a kwana 18 ya ci kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙwan, bakinsa a karkace. A tsakiyar damina sau da yawa inji ba ya buƙatar ruwa ko ɗigo har kwana 18, iskar gari ta wadatar. A hunturu kuwa tiren ruwa kan ƙafe cikin yini, sai an ƙara na biyu. A tuna faɗin fuskar ruwa ne ke ba da danshi, ba zurfinsa ba: faranti mai faɗi ya fi kofi cike, soso ko tsumma mai tsabta a ciki yana ƙara masa. Ruwan ya zama mai ɗumi. Kuma kada a toshe kafofin iska don a ga lambar danshi ta hau, an gyara allo ke nan an shaƙe tsaki.

Juyi ba ya buƙatar dogon bayani. Ɗan tayi yana saman gwaiduwa, in ƙwai ya zauna wuri guda sai ya manne da tantani, makon farko kuma shi ne mafi hatsari. A yi alama daban-daban a gefe biyu, a juya sau uku ko biyar a yini da hannu mai tsabta. Ana son adadin mara ne don kada ƙwai ya riƙa kwana a gefe ɗaya kullum. Wannan karo dama, na gaba hagu, ba mirginawa gefe guda ba. Mai injin da ke juyi da kansa ya riƙa leƙawa ya tabbata tire ya sauya karkata, don ƙaramar na'urar da ke juya tiren kan tsaya ba tare da allo ya ce komai ba. Ƙwan da ke tsaye a tire kullum gindinsa sama, tsini ƙasa.

Ana haska ƙwai da tocila mai ƙarfi a ɗaki mai duhu, a kwana 7, da 14, da 18. Tocilar waya ma tana yi in an naɗe bakinta da kwali. A kwana 7 mai rai yana nuna ɗigo baƙi da jijiyoyin jini sun bazu daga jikinsa kamar saƙar gizo. Wanda haske ya ratsa fes babu zakara, ko ya mutu tun kwanakin farko. Mai jan zobe a zagaye ya fara ya mutu. In ana shakka a yi masa alama a sake dubawa bayan kwana uku. Wanda ke wari ko yake tsattsafo da ruwa a fitar da shi nan take, domin in ya fashe a ciki ya watsa wa sauran cuta. Ƙwan zabi ɓawonsa kauri ne, sai an jira kwana 10 kafin a gani sosai.

Ranar zubi ba ta cikin lissafi. Wanda aka zuba ranar Juma'a, Juma'a ta uku ake sa ran fitarsa. A ƙarshen kwana 18 a daina juyi, a cire tiren juyi a kwantar da ƙwai a kan tsumma ko raga mai kaushi, a ɗaga danshi zuwa kashi 65 ko 70, a buɗe kafofin iska, a rufe murfi a bar shi. Wajen kwana 19 zuwa 20 za a fara jin kuka daga cikin ɓawo, sannan a ga 'yar huda. Daga huda zuwa fita yana iya ɗaukar awa 12 zuwa 24, kuma mafi yawan lokacin tsakon kwance yake ba ya komai a ido. A ciki kuwa yana jan sauran gwaiduwa zuwa cikinsa ta cibiya, jijiyoyin tantani suna rufewa. A nan ne gaggawa ke kashewa. Mai gida ya ga huda tun safe, azahar ta yi bai fito ba, sai ya ɓare masa ɓawo, jini ya tsinke. Ban da haka duk buɗe murfi, musamman a hunturu, yana kwashe danshi cikin daƙiƙoƙi, tantanin waɗanda suka huda ya bushe ya naɗe su. Taimako sai an cika awa 24 da huda babu ci gaba, tantani ya koma ruwan ƙasa ya bushe. Sai a jiƙa shi da ɗan ruwan ɗumi nesa da hanci, a ɓalle ɓawo kaɗan-kaɗan ta wajen gurbin iska, da an ga jan jijiya ko jini a tsaya a mayar. Waɗanda suka fito a bar su su bushe a ciki. Gwaiduwar da suka shanye tana riƙe su kwana biyu ba ci ba sha.

A kwana 23 a kashe inji, a fita waje da sauran ƙwan a fasa su ɗaya bayan ɗaya ta gindi. Aikin ba daɗi, amma babu inda ake koyon sana'ar kamar nan. In yawancinsu gwaiduwa ce kawai babu alamar jini, a binciki zakara da ajiya. Jan zobe da ƙananan 'yan tayi suna nuna zafin ajiya, ko jijjigar hanya, ko hawan zafi a makon farko. Cikakken tsako da bai huda ba, jiƙe sharkaf, gurbin iska ƙarami: danshi ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. Wanda ya huda ya maƙale tantani ya bushe a jikinsa: an buɗe murfi ko ruwa ya ƙare. Kai a wajen tsini: an jera ƙwan a kife. Ranar fita ma shaida ce. In sun fara a kwana 19, ƙanana, cibiya da jini, injin ya fi abin da allo ya nuna zafi. In sai kwana 22 ko 23, jiki laɓe-laɓe, ciki a kumbure, ya yi sanyi. In fitar ta ja kwana uku, ko dai an haɗa sabon ƙwai da tsoho, ko wani gefen inji ya fi wani zafi. Lissafin ma a raba shi biyu. Wanda ya zuba 50, goma ba zakara, 30 suka fito, ya samu kashi 60 na zubi amma kashi 75 na masu zakara, wato injinsa bai yi laifi sosai ba, a akurki gyaran yake. A zubi na gaba abu ɗaya za a canja, in an canja uku ba za a san wanne ya yi aiki ba.

Wani kuskuren da ya yaɗu shi ne ƙara ƙwai kullum a inji guda. Ranar da na farko ke son danshi 70 da daina juyi, na baya suna son 50 da juyi. Mai son zubi mako-mako sai ya tanadi akwati na biyu don kwana ukun ƙarshe. Haka in za a haɗa iri: na zabi kwana 26 zuwa 28 ne, na talo-talo 28, na agwagwar gida mai jan fuska 35.

Duk da wannan, wanda ƙwansa bai wuce goma ko sha biyu ba a lokaci guda, kazar Hausa mai kwanci ta fi masa kowane inji, ba ta san ɗauke wuta ba, kuma ita za ta yi reno. Shi ya sa tun da can ake sa mata ƙwan zabi da damina. Buƙatarta kaɗan ce: wuri mai duhu da sauran kaji ba za su ƙara mata ƙwai ba, toka a ƙasan shimfiɗa saboda ƙuma, ruwa da hatsi a kusa, da kariya daga gafiya da muzuru. In za a haɗa mata na zabi da nata, a riga sa na zabin da mako guda. Inji yana da amfani ne in ana son tsaki da yawa masu kwana ɗaya, ko ana kiwon irin da ba ya kwanci, ko ana son kaza ta koma saka ƙwai da wuri.

Tsakin inji ba su da uwa, don haka wurin reno ya kasance a shirye tun kwana 19: zafi digiri 32 zuwa 35 a makon farko, ana rage kamar uku duk mako, shimfiɗar buntun shinkafa ko dusar katako, ban da jarida ko leda masu santsi da ke raba musu ƙafa. Ruwa kafin abinci, a mazubi marar zurfi da tsakuwa a ciki. In sun cunkushe a gindin wuta sanyi suke ji, in sun watse gefe baki buɗe zafi ya yi yawa. Kuma ba su samu rigakafin da manyan kamfanonin ƙyanƙyasa ke yi ba, sai a nemi likitan dabbobi ya tsara na Newcastle, annobar da ke share kaji a hunturu, da na Gumboro, cutar da ke kama ƙananan kaji. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Jihar Filato tana yin dukansu biyu. Shi kuma injin a kwashe ɓawo da gashi a ranar, a wanke tire da sabulu, a goge ciki da ruwan bilic mai tsarma ba tare da an jiƙa wayoyi ba, a bar shi a buɗe ya sha iska kwana biyu kafin zubi na gaba.